Wayar da na ja ta saman ɗakin Baba

Shekarun baya, lokacin muna zaune a gidanmu na gado a Mamobi, unguwar da ke jikin Nima, duk lungunmu babu mai lamurjen da ya kai nawa sanyi. Ina yin lamurje, ina yin zobo, ina dama burkina, wato gero da nono, in ƙulla a leda in jera a firiza. Da yawa cikinku sun sha tambayata me ya sa na bar wannan sana'a na koma sayar da atamfa, ni kuma nakan ce ƙafa ce ta gaji da tsayuwa. Ba ƙafa ba ce. Yau dai zan faɗa, ko na samu ya ɗan sauka daga ƙirjina.

Gidanmu irin gidajen zango ne da kowa ya sani. Ɗaki shida a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, silin na katako, sai 'yar siririyar tsakar gida da faɗinta bai wuce a shanya tabarma biyu ba. Ɗakin farko, wanda yake bakin ƙofar shiga, na mahaifina ne, a jikin bangonsa kuma mitar gidan take. Na biyu na mahaifiyata, na uku na yayana, biyu na 'yan haya, nawa ne na ƙarshe can ƙurya.

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Nima tun kafin a haife ni. Ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, idan ya yi sallama daga bakin titi har ƙarshen lungu an san ya dawo. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da gefensa na dama, ya tafi da muryar. Hankalinsa garau, kunnensa garau, amma magana sai ka kai kunnenka bakinsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Ko bayan ciwon, wannan kalmar ce kaɗai take fita daga bakinsa ba gargada.

A shekarar azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. Na ce wannan ce shekarata, na sayo firiza ta biyu, tsohuwa, ƙatuwa, mai gurnani kamar injin niƙa. Sai dai da na kunna su biyun tare, ƙwan fitilar ɗakin kowa ya yi ja, can kuma fiyus ya ƙone, gida ya yi duhu, 'yan haya su fito suna ƙunƙuni.

Akwai wani maƙwabcinmu dattijo, aikin waya ya yi duk rayuwarsa, muna ce masa Kawu. Na kira shi ya duba. Ya ce tsohuwar wayar gidan ba za ta ɗauki wannan kaya ba, sai an jawo wa firizojin layinsu daban tun daga mita, da waya mai kauri, a zura ta cikin bututu, a yi mata nata fiyus. Ya rubuta mini irin wayar a 'yar takarda.

Na hau trotro, motar hayarmu, na tafi Zongo Lane inda ake sayar da kayan wuta. Da na ji kuɗin wayar da ya rubuta, sai da na nemi benci na zauna. Mai shagon ya ga fuskata, ya jawo wani naɗi daga ƙasan kanta ya ce, "Hajiya, ga wata, duk aiki ɗaya suke yi." A ido kaurinsu ɗaya. Ni da ban san bambancin waya da igiyar shanya ba, na karɓa na lanƙwasa ta, na ɗaga ta a rana, har da shinshinawa kamar mai sayen kifi, na ce lallai wannan mai kyau ce. Bututun ma na ce a bar shi, ai cikin silin za ta bi, wa zai gani. Na dawo gida ina jin duk Nima babu mai wayona.

Kawu ya fere bakin wayar da wuƙa ya nuna mini. Roba ce jibge, jan ƙarfen da ke ciki siriri kamar zaren ɗinki.

Ya ce, "'Yata, wannan ta ƙwan fitila ce da rediyo. Idan kika ɗora mata firiza biyu, zafi za ta yi ta ɗauka tun daga kai har gindi. Mayar musu."

Na ce, "Kawu, ba sa karɓar kaya in an fita da shi. Ka dai taimaka ka sa mini, azumi saura kwana uku."

Ya ce, "Hannuna ba zai sa ta ba."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni kuwa na bi bayansa da harara, har na ce wa mahaifiyata don ban ba shi kuɗin ya sayo da kansa ba ne yake fushi. Allah ya yafe mini wannan maganar.

Yayana direba ne, amma irin mutanen nan ne da babu aikin da za a ambata su ce ba su iya ba. Ya ce in kwantar da hankalina, waya ce fa ba tiyata ba. Ranar Lahadi ya shiga silin ta ɗakin Baba, ya huda saman kowane bango da ya raba ɗaki da ɗaki, ya zura wayar ta bi har ɗakina. Don kada ta yi ta reto, ya ɗaure ta tare da tsofaffin wayoyin da ya tarar a can sama, dami guda. Ina tsaye ina miƙa masa kaya, Baba yana kwance yana kallonmu. Na ga ya ɗaga hannun hagu ya nuna sama, bakinsa yana motsi. Na ɗauka ƙurar da ke zubo masa ce ta dame shi, na ce, "Yi haƙuri Baba, yanzu za a gama." Ban kai kunnena ba.

Da muka kunna, fiyus ya sake ƙonewa. Yaya ya cire shi ya ɗaure wurin da wata waya mai kauri, ya karkaɗe hannu ya ce, "Yanzu ko injin niƙa kika sa, wuta ba za ta ɗauke ba." Muka yi dariya.

Sati biyu na farkon azumi na yi ciniki irin wanda ban taɓa yi ba. Tun la'asar layi yake kamawa a ƙofar gida. Wani lokaci nakan ji wani wari-wari kamar an jefa leda a murhu, in ce masu ƙona shara ne a bakin gota. Wata rana hannuna ya taɓa wayar inda ta sauko ta bango, na ji ta da ɗumi, ta yi laushi kamar alewa. Na janye hannuna, na je na ci gaba da ƙullin zobo.

Azumi ya ɗan wuce rabi, ranar bayan azahar, ina tsakar gida ina tace citta. Ɗaya daga cikin 'yan hayarmu, wata Batoniya mai sayar da sabulu, ta ƙwala ihu, "Ogya! Ogya!" Da yarensu wuta ke nan. Na juya na ga hayaƙi baƙi ƙirin yana fitowa ta tagata.

Na banka ƙofa. Wayar ce take ci a bayan firiza. Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba. Ba ta yi faɗi ba, siririya ce, tana hawa bango a kan wayar kamar ƙadangare, robar tana narkewa tana ɗigowa, kowane ɗigo da wutarsa a jiki. Inda ya sauka nan ma ya kama. Buhun ledojina ya kama, labule ya kama.

Yaya yana gida ranar, motarsa tana wurin gyara. Ya ruga ya kashe mita. Maƙwabta suka cika gidan, masu yashi, masu jarkar ruwa, kowa da azumi a baki amma babu wanda ya tsaya. Hayaƙin ya cika tsakar gida, iska tana tura shi wajen ƙofar shiga. Mahaifiyata ta ga ya nufi ɗakin Baba, ta ruga ta leƙa shi, ta ce masa kada ya damu abu kaɗan ne, ta rufe tagarsa, ta jawo ƙofar ta rufe, har da cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasanta don kada hayaƙi ya shigar masa. Ina gani ta yi, a raina na ce Mma akwai tunani.

Ba a daɗe ba wutar ɗakina ta mutu. Gida ya kaure da hamdala. Wannan ya ce Allah ya rufa asiri, wancan ya ce da da dare ne da an shiga uku. Har barkwanci aka fara, wani yana cewa yau lamurjen Hajiya da zafinsa za a sha. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙofar ɗaki ina kuka. Kun san me nake wa kuka? Firiza. Mata sun kewaye ni suna ba ni haƙuri a kan firiza.

Muna cikin haka Kawu ya shigo, wani ya je ya gaya masa. Bai kalli firiza ba, bai kalle ni ba. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai sama, inda wayar ta shige silin. Bakin ramin ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi yana shiga ciki maimakon ya fito.

Ya ce, "Ta ina wayar nan ta bi?"

Yaya ya ce, "Ta sama, har mita. Amma na kashe mita tun ɗazu, Kawu."

Ya ce, "Lantarki ka kashe. Wannan robar take ci, ba ruwanta da mita. Ina Alhaji?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tsakanin ɗakina da na Baba bai fi taku ashirin ba, amma mutane sun cika wurin, ina ture su ina ihu ba su san me nake faɗa ba. Yaya ya riga ni. Da ya buɗe ƙofar, hayaƙin da ya fito sai da ya mayar da shi baya ya faɗi. Ba ka ganin komai a ciki sai ɗige-ɗigen wuta suna saukowa daga sama kamar ana yayyafi. Duk lokacin da muke zuba yashi a ɗakina, duk lokacin da muke hamdala, wutar tana saman kanmu tana tafiya. Ta bi damin wayoyin nan, ta wuce ta ramukan da muka huda mata da hannunmu, ɗaki bayan ɗaki, har ta kai inda duk wayoyin gidan suka taru, saman gadon Baba. A nan ta samu abinci, a nan ta huda silin.

Yaya ya shiga da rarrafe ya fito yana amai. Ya sake komawa shi da Kawu, suka jawo Baba a kan zanen gadonsa har tsakar gida. Robar da ta ɗigo ta manne masa a riga da ƙirji da kafaɗa. Bakinsa da hancinsa sun yi baƙi. Idonsa a buɗe. Sai na ga hannunsa na hagu, bayan yatsun duk sun sale suna jini. Bango ya yi ta duka. Da hannu ɗayan da ya rage masa ya yi ta dukan bango, mu kuma muna waje muna surutu.

Mota ba ta shiga lungunmu. A kan benci aka ɗauke shi, maza huɗu, ana bi ta tsakanin gidaje har bakin titi. Kafin mu samu tasi na waiga, na ga kwanon gidanmu yana fitar da wuta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, lokaci ɗaya. 'Yan kwana-kwana sun zo, amma motarsu a titi ta tsaya, sai da suka yi ta haɗa tiyo kafin ruwa ya kai. Ɗakunanmu shida suka tafi, da ɗaki biyu na maƙwabta da bangonmu ya haɗu da nasu. 'Yan hayarmu da kayan jikinsu kawai suka tsira.

A asibiti likita ya ce ƙunar ba ita ce abin tsoro ba, huhun ne. Ya ce hayaƙin roba ba kamar na itace ba ne, yana cin hanyar numfashi daga ciki. Aka sa masa abin numfashi a fuska. Kwana tara muna zarya. A rana ta shida ya buɗe ido ya gan ni, bakinsa ya motsa a cikin abin, na gane uwata yake cewa. Wannan karon na kai kunnena. Na ce, "Baba, ni ce na sayo wayar. Kawu ya hana ni, na ƙi ji. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Ya yi ƙoƙarin magana, tari ya sarƙe shi, ma'aikatan suka fitar da ni. Bai sake farkawa yadda zai gane mutum ba. Ana saura 'yan kwanaki sallah muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai na koma na ga kangon. Babu rufi, sai bangaye baƙaƙe. A ƙasa ga jan ƙarfen waya tsirara, ya miƙe tun daga inda ɗakina yake har inda gadon Baba yake, ko tsinkewa bai yi ba. Masu sayen ƙarafa daga unguwar Old Fadama sun riga sun iso da amalankensu. Ɗaya ya tsuguna yana naɗe jan ƙarfen a hannu, ya ce mini, "Hajiya, wannan kin hutar da mu, ba sai mun ƙona robar ba." Bai san ko ni wace ce ba, bai san abin da ya faru ba. Na ce ya ɗauka ya tafi.

Kawu yana wurin. Na jira ya ce ai na gaya miki, bai faɗa ba, har ya bar duniya bai faɗa ba. Ni ce na tambaye shi yadda aka yi wuta ta yi wannan tafiyar da sauri haka. Ya ce wayar ta yi sati biyu tana dahuwa, robarta ta bushe ta yi laushi tun daga farko har ƙarshe, jira kawai take a kyasta. Ga ta ɗaure da 'yan uwanta, kowace tana hura wa 'yar uwarta, ga ƙura da busasshen katako, ga hanya a buɗe. Ya ce, "Da fiyus na nan, da ya mutu a madadin gidan." Sai ya kau da kai, ya ga ya faɗi abin da ya fi ƙarfin kunnena.

Mun zauna gidan ƙanwar mahaifiyata har aka yi arba'in. A ranar, bayan mutane sun watse, ni da Yaya muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce da na sayo wayar kirki da Baba yana nan. Na ce da bai ɗaure fiyus ba da Baba yana nan. Muna ta jifan juna, Mma tana zaune a kan abin salla, ba ta ɗaga murya ba ta ce, "Ku yi shiru. Ni na rufe masa ƙofa." Daga ranar babu wanda ya sake ɗaga maganar a cikinmu.

Gidan bai sake tashi ba. 'Yan uwan Baba suka ce a sayar da filin a raba, aka sayar. Yaya ya koma Kasoa da iyalinsa, mukan gaisa a waya ranar sallah, gaisuwar da ba ta wuce minti ɗaya. Matar nan mai sabulu ta koma garinsu, ko sallama ban iya yi mata ba don kunya. Mma tana Ashaiman wurin ƙanwarta. Ni na kama ɗaki a Nima.

Mutane sun yi ta ce mini ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ni musulma ce, na san babu mai wuce ranarsa. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana ni sanin cewa an nuna mini, na gani da idona, na taɓa da hannuna na ji ɗumi, na juya baya. Na yi istigfari iya iyawata, ina kuma fatan Allah ya karɓa. Abin da ban samu ba shi ne sauƙi. An ce lokaci yana warkar da komai, ni dai nawa bai warke ba, sabo kawai na yi da ɗaukarsa.

In da abin da zan ce ku riƙe, shi ne idan waya ta kama a gidanku, kada ku tsaya kallon inda kuka ga wuta. Ku tambayi inda wayar ta nufa, ku fara fitar da wanda ba zai iya fitar da kansa ba, sannan ku yi hamdala. Na faɗa wa mutanen gidan da nake haya yanzu, inda wayoyi suke rataye a saman tsakar gida kamar taliyar da aka shanya, kowa ya jawo tasa daga ta wani. Suka saurare ni da ladabi, suka ce Allah ya kiyaye, Allah ya ji ƙan Alhaji. Washegari wani ya ƙara jawo tasa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma haka na saurari Kawu.

Duk Juma'a nakan je wurin Mma. Ta tsufa sosai, ido ya fara rauni. Mukan yi hirar tsadar kaya, da wanda ya yi aure, da wanda ya rasu. Watan jiya muna zaune muna tsintar wake, ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Kina ganin ya ji mu lokacin da muke ta dariya a waje?"

Na ce, "A'a Mma, hayaƙi ya riga ya sumar da shi. Bai ji komai ba."

Ta ce, "To."

Ta san ƙarya na yi, na san ta sani. Muka ci gaba da tsintar wakenmu har aka kira la'asar.